Allurarsu mai kyau ce, amma ba sa yi wa mutum bayani

Asibitin dabbobin da na kai kwikwiyona rigakafi, ta fuskar magani ban same su da laifi ba. A gabana ma'aikaciyar ta ɗauko kwalbar daga firij da sanyinta, ta fasa sabon sirinji, ta ɓare takardar jikin kwalbar ta manna a katinsa. Duk wanda ya san halin wutar garin nan ya san dalilin da ya sa nake sa ido a kan wannan, domin allurar rigakafi in ta sha zafi ta tashi daga aiki. Allurar da ake kira DHLPP suka yi masa, wadda ke kare karnuka daga parvo, zawon jinin nan da ke kwashe 'yan kwikwiyo, suka ce ta haukan kare sai ya cika wata 3.

Bayan 'yan kwanaki autana yana shafa shi ya ce, "Baba, taɓa nan ka ji." A doron wuyansa, daidai inda aka soka allurar, ga wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino, da tauri, in ka danna sai ya zille ƙarƙashin fata. Yana cin abincinsa, yana wasansa, amma hankalina ya tashi matuƙa. Maigadi ya ce ƙurji ne, a kawo reza ya tsaga. Uwargida ta ce a shafa man zafi. Na hana kowa taɓa shi, na kira lambar da ke jikin katin. Da ƙyar wani ya ɗauka, ban ma gama magana ba ya ce, "Ba komai, Alhaji," ya kashe waya. Haba! Dabbar da yara suka shaƙu da ita, amsar ke nan?

Da na mayar da shi na samu babban likitan, mutumin kirki ne wallahi. Ya lalubi wurin a hankali, ya auna zafin jikinsa, ya ce jiki ne ke karɓar maganin, irin wannan yakan faru, kuma cikin makonni kaɗan yake sacewa da kansa. Kada a matsa, kada a tsaga. In dai ya ƙara girma, ko wurin ya yi zafi, ko ya fara fitar da mugunya, ko kwikwiyon yana kuka in an taɓa, a kawo shi. Wanda ba a jira da shi, in ji shi, shi ne fuska ta kumbura, ko amai, ko numfashi ya sarƙe jim kaɗan bayan allura. Yadda ya faɗa kuwa haka aka yi, ƙullutun ya yi ta raguwa har ya ɓace.

Na fito raina fes, sai a bakin kanta aka ce in biya kuɗin ganin likita. Nan ɓacin ran ya dawo sabo. Bayanin da bai fi minti 2 ba, wanda ya kamata a yi mini tun ranar allura, shi zan saya daban? Da na biye wa maigadi da yanzu wata maganar ake yi. Na biya, amma na gaya musu bai dace ba.

Ta haukan kare can zan kai shi, saboda firij ɗinsu na gani da idona. Sai dai ba wanda zai taɓa shi in babban likitan ba ya nan.