Ciwon mannewar hanji bayan tiyata: me ya cancanci kuɗinku?

Duk wanda aka buɗe wa ciki, ko aikin haihuwa ne, ko cire afendis, ko ɗinkin hanjin da taifod ya huda, jikinsa kan yi tabo ta ciki kamar yadda ya yi ta waje. Tabon nan ne ke liƙa hanji da hanji, ko hanji da bangon ciki. Yawancin mutane ba sa ma sanin suna da shi. Wasu kuwa shekara da shekaru suna fama da jan ciki in sun miƙe, da murɗa bayan cin abinci. Sikanin bai cika nuna shi ba, shi ya sa ake ta cewa ba a ga komai ba.

Babu ƙwaya, jiƙo ko man shafawa da aka tabbatar yana narkar da tabon, har da serrapeptase da ake tallatawa. Ma'aunin saye ɗaya ne: abin zai rage ciwo ba tare da ya sa hanji kasala ba?

Da wannan ma'auni farasitamol ne kan gaba. Babba zai sha giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, ya rage in yana da ciwon hanta ko ba shi da jiki. A duba maganin mura, galibi akwai farasitamol a ciki. Ibuprofen da diclofenac sun fi shi ƙarfi kuma ba su cika ɗaure hanji ba, amma shan su kullum na jawo olsa da lalata ƙoda. Na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma ba a haɗa biyun.

Tiramol da kodin ne tarkon. Ranar farko mutum zai ji sakayau. Daga nan hanji ya yi nauyi, bayan gida ya taurare ya taru a daidai inda hanya ta matse, ciwo ya ƙaru, a ƙara ƙwaya, sabo ya shiga. Muna ba da shawarar a guje su, sai in likita ya rubuta na ɗan lokaci tare da maganin sassauta ciki. Buscopan yana kwantar da murɗa, amma shi ma yana rage motsin hanji. Amitriptyline, miligiram 10 zuwa 25 da dare, kan taimaka wa ciwo mai zugi ko ƙuna. Yana ɗaukar makonni kafin ya kama, yana busar da baki da taurara bayan gida, don haka sai da takardar likita.

Sau da yawa abin da ya fi rage ciwon shi ne laushin bayan gida. Macrogol, irin su Movicol, ana dama ƙunshi ɗaya a ruwa mililita 125. Yana riƙe ruwa a hanji kuma bai cika kumbura ciki ba. Lactulose, mililita 15 sau biyu a yini, yana aiki amma yana tara iska. Senna da bisacodyl matsa hanji suke yi, suna iya tayar da murɗa. Garin dusa da ake sayarwa don gyaran ciki kuwa a yi hattara: ga wanda hanjinsa ya taɓa toshewa, zai iya cushe hanyar. Haka aya, gasasshiyar masara da zaren mangwaro. Gara a ci kaɗan-kaɗan, a tauna sosai, a sha ruwa.

Jakar ruwan zafi ba ta da tsada kuma tana aiki. A zuba ruwan da bai tafasa ba zuwa kashi biyu cikin uku, a naɗe da tawul, minti 20. Fatar gefen tabo kan mutu, sai a ƙone ba a ji ba. Ɗamarar ciki tana tallafa wa mai ƙaba, amma ba ta taɓa mannewar.

Idan ciki ya kumbura, ana amai kore, ba bayan gida ba tusa: hanji ya toshe ke nan. A daina cin komai, kada a sha maganin sassauta ciki ko na murɗa, a tafi asibitin da ke da likitan tiyata nan take.

Sake tiyata don ciwo kawai shi ne zaɓi mafi tsada. A wani gwaji a Holan da aka buga a 2003, an raba mutum 100 gida biyu: an yanke wa wasu tabon ta na'urar leƙa ciki, wasu an leƙa kawai. Bayan shekara guda ba a ga wani bambancin kirki a ciwonsu ba. Ga haɗarin huda hanji, kuma tabon kan dawo. Idan aikin ya zama dole, ku tambayi likita ko zai yiwu ta ƙananan huji maimakon tsaga ciki, da ko zai sa shamaki irin Seprafilm ko ruwan Adept. Suna rage sabon tabo, ba sa hana shi gaba ɗaya, kuma ba kowane asibiti ke ajiye su ba, don haka a yi maganar kafin ranar aiki.