Chapman ba Angostura: kwalabe huɗu da muka ɗanɗana

Tun ranar da ƙanwata ta juya ’yar kwalbar nan ta Angostura, ruwan ɗacin da ake ɗiga wa haɗin lemon Chapman, ta karanta min abin da ke jikinta na daina shan Chapman a waje. Kun san ta, mai murfi rawaya da takardar da ta fi ta girma. Barasa ce kashi 44.7 cikin ɗari. Masu haɗawa za su ce ai ɗigo uku ne kawai a kofi, amma da na faɗa wa surukata Hajiya haka sai ta ce, “Ko ɗigo ɗaya ne ba a gidan ɗana ba.” Magana ta ƙare.

Matsalar ita ce walimar saukar babban ɗanmu ta matso, kuma na riga na yi wa ’yan uwa alkawarin Chapman. Idan ka haɗa Fanta da Sprite da grenadine (jan ruwan zaƙin nan mai kauri), ka jefa kokwamba da lemun tsami da ƙanƙara, ka tsaya a nan, lemon yara ka yi. Ɗan ɗacin nan da ke zuwa daga baya shi ne ke riƙe abin. Shi Angosturan ma asalinsa magani ne. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya fara haɗa shi a 1824 a wani gari da ake kira da wannan suna a lokacin a Venezuela don ciwon ciki, yanzu kuma a Trinidad ake yin sa. Wato jiƙo ne irin namu, sai dai su cikin barasa suke jiƙa saiwoyin, mu cikin ruwa. Da na gane haka sai na ce ai ba za a rasa madadinsa a garin da yake da Kasuwar Kurmi ba.

Wata baiwar Allah da ke tallan haɗe-haɗenta a WhatsApp na yi wa magana. Ta ce tana da kala huɗu masu kauri, waɗanda ake sirkawa. Na karɓi kowanne kwalba ɗaya, ɗan aike ya kawo bayan la’asar a cikin kwali, da sanyinsu. Bayan isha’i muka zauna a tsakar gida, ni da maigida da Hajiya da ƙanwata. Kowanne mun gwada shi sau biyu: zallarsa da ɗan ruwa a ƙananan kofunan shayi, sannan a cikin Chapman.

Na zobo da kanumfari ba shi da abin kushewa. Ja ne wur har ya so ya yi baƙi, tsaminsa daidai, kanumfarin bai yi ihu ba. Amma aikin grenadine ya yi, ba na Angostura ba. Ya ba da launi, kuma a gaskiya ya fi grenadine ɗin kanti ɗanɗano, don haka ya samu gurbi ko da yake ba wanda na nema masa ba.

Na citta da masoro da tsamiya kuwa, maigida ne ya fara kurɓa, sai da ya yi tari sau biyu kafin ya ce, “Wannan ai na mura ne.” Ban ga laifin matar ba, na ma yaba mata. Tun cutar da ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 masu zobo da kunu da yawa suka koma nuna wa tukunya cittar daga nesa, ita ko ba ta yi rowa ba. Da sanyin hunturu, cokali biyu a ruwan zafi, zan sha shi kullum. A Chapman ya danne kowa. Ba a jin lemu, ba a jin kokwamba, yaji kawai.

Na uku goruba ce da dabino da kirfa. Hajiya ta riƙe kofin ta lumshe ido ta ce ya tuna mata da gidansu a Gwale. Shi kaɗai ne aka ƙara zagaye na biyu. Idan don kurɓa ne a hankali ana hira, babu na biyunsa a cikin huɗun. Da muka zuba shi a Chapman sai launin ya koma kamar ruwan kwata bayan ruwan sama, ga zaƙi a kan zaƙi, ƙamshin gorubar ya ɓace gaba ɗaya.

Sai na ƙarshe, wanda saboda shi nake wannan rubutun. ’Yar ƙaramar kwalba ce, ruwan cikinta ruwan ƙasa mai duhu. Matar ta ce sassaƙen maɗaci ne da kimba da busasshen ɓawon lemu da ɗan namijin goro. Duk wanda aka taɓa ɗura wa jiƙon maɗaci yana yaro ya san abin da ke jiransa. Ƙanwata ta lasa ta tashi da gudu neman ruwa. Ni na daure na riƙe shi a baki: da farko ƙamshin ɓawon lemu, sai hayaƙi-hayaƙin kimba irin na kunun kanwa, daga nan ɗacin ya sauko ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Hajiya ta ce, “Ke ’yar nan, wannan za ki ba baƙi?” Na ce, “Hajiya a ɗan yi haƙuri tukuna.”

Karon farko na zuba cokalin shayi guda a kofi, abin ya lalace, sai zubarwa muka yi. Na rage zuwa rabi, har yanzu da saura. A ɗigo biyar zuwa shida aka dace. Zaƙin Fanta ya ja baya, kokwambar ta fito, kuma bayan ka haɗiye akwai wani ɗan ɗaci mai tsabta da ke sa ka sake kai kofin baki. Ba irin Angostura ba ne sak, nasa ya fi ƙamshin kayan yaji masu daɗi, wannan ya fi kama da ƙamshin rumfar ’yan magani a Kurmi. Amma maigida, wanda ya sha Chapman a Legas shekara da shekaru, ya miƙo kofinsa a ƙara masa bai ce komai ba. Abin lura ɗaya: a fara ɗiga shi a kan ƙanƙara da lemun tsami kafin a zuba lemon kwalba. Idan ya zo a ƙarshe yana tsayawa a sama, mai kurɓar farko ya sha wuya.

Inda nake da ƙorafi shi ne kwalaben. Babu jerin abin da aka sa a ciki, babu ranar da aka haɗa, balle lambar NAFDAC. Sai da na yi ta tambaya a waya. Abin da ke da maɗaci da namijin goro ya kamata mai ciki ko mai shan wani magani ya san da su kafin ya kai baki. Sannan ba ta gaya min cewa na gorubar ba ya jure zafi ba. Wuta ta yi kwana biyu ba ta leƙo unguwarmu ba, firij ya huce, ranar huɗu na murɗa murfin sai ji na yi fuss, kumfa ta taso, wani tsami-tsami ya bugi hancina. Ni da na gudu daga barasa, ga ta nan ta fara haɗa kanta a cikin firij ɗina. A makwarara na tuttular da shi tun kafin Hajiya ta tambaya. Da na faɗa wa matar ta ba da haƙuri, ta ce daga yanzu za ta riƙa rubuta kwanan wata.

Na walima na ce ta kawo min zobon kwalba goma, a safiyar ranar, ba jajibiri ba. Mai ɗacin kuwa guda biyu suka ishi taron duka, har yanzu ma akwai rabin ɗaya a bayan kwalbar man shanu, inda yara ba sa kai hannu.