Labarin kwale-kwalen kamun kifi a nan Minnesota ta Amurka

Yaya, barka da war haka. Ya iyali, ya ruwan Yawuri? Ka tambaye ni irin jirgin da mutanen nan ke kamun kifi da shi, da ko akwai wanda zai ɗauki mai jiki irina. Akwai, amma sai mutum ya san abin da yake saye.

Sunansa kayak. Ƙaramin kwale-kwale ne na mutum ɗaya, da roba mai kauri ake zuba shi a masana'anta, babu ƙusa babu katako. Na masunta a buɗe yake, kujera a sama, kuma an bar ramuka a gindinsa don ruwan da ya fantsamo ya tsiyaye da kansa. Waɗannan ramukan su ke tona asirin jirgin da ya yi wa mutum kaɗan. Idan nauyi ya danne shi, maimakon ruwa ya fita, sai ya riƙa ɓulɓulowa ta nan, ka wuni ƙafafunka a jiƙe, jirgin ya yi nauyin tuƙi, da ka juya ɗaukar fatsa ya karkata.

Abin da ya fi burge ni, kowane jirgi kamfani ya faɗi iyakar nauyin da zai ɗauka. Sai dai wannan lambar ba ita ake bi kai tsaye ba. Masu shago na gaskiya za su ce maka ka haɗa nauyinka da na kayanka duka, sandunan fatsa, akwatin ƙanƙara, anka, ruwan sha, kada jimillar ta wuce kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na abin da aka rubuta. Ni da nake kilo 130, da kaya na kai 150, ke nan jirgin da zan duba sai mai ɗaukar kilo 200 zuwa sama. Masu arha na manyan kantuna, 'yan ƙafa 10 ɗin nan, yawanci iyakarsu wajen laba 300 ce, wato kilo 136. Jikina kaɗai ya kusa cinye ta.

Faɗi ma abin dubawa ne. Mai ƙiba yana son inci 34 zuwa sama, da kujera mai ƙarfen jingina wadda ta ɗan ɗaga, saboda gwiwa da ƙugu. Babbansu da na gani shi ne Pro Angler 14 na kamfanin Hobie: faɗinsa inci 38, yana ɗaukar laba 600, da ƙafa ake tuƙa shi hannu ya samu sararin jifa, har tsayuwa ake yi a kai. Amma kuɗinsa ya haura dala 4,000, kuma shi kansa ya fi kilo 50, ɗora shi kan mota aiki ne sai da tirela ko ɗan amalanke. Old Town, tsohon kamfanin jihar Maine, da Jackson na Tennessee, su ma suna yin na manyan mutane. Wasu shagunan kan ware rana su kai jiragen bakin tafki kowa ya hau ya gwada kafin ya biya, kuma ban ga dalilin da mai nauyi zai saya bai gwada ba.

A wani fannin gida ya fi. Masassaƙinmu zai dube ka ya yi maka jirgi daidai jikinka, in ya tsage a toshe shi nan bakin ruwa. A nan abin da injin ya zubo shi za ka zaɓa, ga rajista da jiha ke buƙata ga duk wanda ya wuce ƙafa 10, ga lasisin kamun kifi, ga tafkunan da ke daskarewa watanni jirgi na ajiye a gareji.

Amma Yaya, rubuta nauyin nan da dokar ɗaukar rigar ruwa mai hana nitsewa, su nake yi mana kwaɗayi. Ba ka manta jirgin da ya nitse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, da yawan mutanen da aka loda masa. A nan rigar ma da awon ƙirji ake sayar da ita, na samu wadda ta zagaye ni ba ta matse ni ba. Ka auno min ƙirjinka da na yaran da ke shiga ruwa tare da kai, in aiko muku da su ta hannun mai zuwa gida.

A gaida Inna da kyau.