Amsar tambayarka a kan cacar dats, daga Manchesta

Auta,

Saƙonka ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aiki, sau biyu na saurare shi. Ka ce ka ga wani wasa a manhajar da abokanka suke buga caca, wai shi dats, an gaya maka a Ingila ake yinsa, kuma ya fi ƙwallo sauƙin canka tunda mutum biyu ne kawai, babu canjaras. Kana so in turo maka sunayen gwanayen. Ban amsa nan take ba, don na san in da baki na yi magana faɗa zan yi maka, kai kuma ka girmi faɗa yanzu. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a tsanake.

Wasan da kansa ina sonsa, wannan ba zan ɓoye maka ba. A ɗakin cin abinci na siton da nake aiki, kusa da Warrington, akwai allonsa a rataye a bango, a nan na fara riƙe kibiyar. Allo ne zagayayye da aka yi da zaren wata shuka mai ƙarfi, an raba shi gida ashirin. Mutum zai tsaya nisan mita 2.37, ya jefa 'yan kibau uku masu kan ƙarfe, kowace yawanci nauyinta bai wuce giram ashirin da 'yan kai ba. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 501, ana ragewa har a kai sifili. Akwai siririn zobe a ciki mai ninka maki sau uku, akwai wani a bakin allo mai ninkawa sau biyu, tsakiyar kuma maki 50 ne. Wanda ya zuba kibau ukun a zoben ninki uku na gidan 20 ya ci 180, shi ne ƙololuwa, a nan ne mai shela yake jan murya jama'a su tashi tsaye. Faɗin zoben nan bai kai ƙaramin yatsanka ba, kuma maƙwabtan gidan 20 su ne gidan 1 da gidan 5. Hannu ya ɗan karkace kaɗan, makin da kake nema 60 ya koma 1. Sannan ba a gama wasa sai da zoben ninki biyu ko tsakiyar allo, ko da maki biyu ne suka rage maka. Nan ne gwiwar manya take sanyi.

Babbar gasar duniya ta PDC, hukumar ƙwararrun 'yan dats, a Landan ake yinta, a wani tsohon zaure da ke kan tudu mai suna Alexandra Palace, daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. Dubban mutane ne suke cika wurin, da shigar ban dariya da kofunan giya, shi ya sa ban taɓa marmarin zuwa ba, a talabijin nake kallo. Phil Taylor, mutumin Stoke, sau 16 ya ci kofin duniya. Yanzu kuwa yaro ne ke tashe, Luke Littler, ɗan garin nan na Warrington da nake zuwa aiki. Yana da shekara 16 ya kai wasan ƙarshe a Janairun 2024, shekarar da ta biyo baya ya doke Michael van Gerwen na Holan da ci 7 da 3, ya ɗauki kofi da fam 500,000. Ka lura da wani abu: ranar da ya ci kuɗin nan shekararsa 17, doka ba ta yarda ya shiga shagon caca ya ajiye ko fam ɗaya ba, sai ya cika 18. Amma sunan kamfanin caca na Paddy Power ne a jikin gasar, a bango, a allon talla, ko'ina. Gasar watan Yuli ta Blackpool ma Betfred ke ɗaukar nauyinta. Duk inda ka ga dats a ƙasar nan, caca na tsaye a gefensa.

To ga yadda shagunan cacar suke, tunda ka tambaya ko irin namu ne. A titin unguwarmu, tsakanin mahaucin da nake sayen naman halal da tashar bas, shago uku ne. Tun 1961 doka ta halatta su a nan. Na leƙa ɗaya ranar da ruwan sama ya tare ni da wani abokin aiki. Akwai ɗumi, akwai kafet, talabijin sun jeru a bango suna nuna tseren dawaki da na karnuka, ga 'yan guntayen biro da takardu a kan kanta, ga ma'aikaciya a bayan gilashi. Babu hayaniya irin ta shagunan gida inda samari ke cunkushe a kan benci, janareto na ruri, kowa na duba doguwar takardarsa kamar rasit ɗin asibiti. Amma fuskokin iri ɗaya ne, Auta. Wani dattijo na gani da jakar cefane a ƙafarsa, ya yaga takarda ya jefa a kwando, ya laluba aljihu ya sake komawa kanta. Wannan kallon na sha ganinsa a Sabon Gari.

Yawancin masu yi yanzu ta waya suke yi. Kafin a buɗe maka asusu sai an tabbatar da sunanka da shekarunka da adireshinka. Da ka shiga za su tare ka da kyauta, su ce ka sa fam goma su ba ka wasu ka buga a banza. Wannan kyautar ba ta ciruwa, sai dai ka buga ta, in ka ci ribar kawai za a ba ka. Tsaba ce ake watsa wa kaza.

Lissafinsu ya bambanta da wanda ka saba gani. A gida za ka ga 1.91 ko 6.00. A nan rubutawa suke 5/1, ma'ana in ka sa fam ɗaya ka ci, za a ba ka biyar a dawo maka da ɗayanka, daidai da 6.00 ɗinku ke nan. A dats kuwa ba wanda zai yi nasara kaɗai ake cacar ba. Ana yi a kan wanda zai fi yawan 180, da wanda zai gama da maki mafi yawa a jifa uku (ƙarshensa 170 ne), da yawan zagayen da za a yi (zagaye shi ne daga 501 zuwa sifili sau ɗaya), da ko wani zai gama 501 da kibiya tara kacal. Ana yi kuma wasa na gudana, farashi na canzawa bayan kowace jifa. Zagaye ɗaya bai fi minti biyu ba, ka ga ke nan a zama ɗaya mutum zai iya sa kuɗi sau talatin. Ƙwallo aƙalla tana ba ka minti casa'in ka huce. Wannan ba ya ba ka.

Ɗauko biro, tunda kai ɗan lissafi ne. A ce gwanaye biyu ƙarfinsu ɗaya. Kamfani zai sa wa kowannensu 10/11, wato 1.91. Ni na sa fam 11 a kan wannan, kai ka sa fam 11 a kan wancan. Kamfani ya karɓi 22. Duk wanda ya ci a cikinmu 21 za a ba shi. Fam ɗayan nan ya zauna a aljihunsu, ko wa ya yi nasara, ba su jefa kibiya ko ɗaya ba. Kashi huɗu da rabi cikin ɗari ke nan a wasa guda. Yanzu haɗa wasa goma a tikiti ɗaya yadda abokanka suke yi don naira ɗari ta zama dubbai. Ninka 21 bisa 22 sau goma, za ka samu wajen 0.63. Wato duk naira ɗari da aka zuba a irin wannan tikitin, abin da ke komawa hannun masu bugawa gaba ɗayansu bai wuce naira 63 ba. Shi ya sa kamfanoni suke tallan dogon tikiti fiye da komai, a nan da can. Maimaita lissafin da kanka, kada ka yarda da nawa.

Zancen sauƙin canka kuma, bari in ba ka abin da na gani da idona. Daren 3 ga Janairu 2024 muna aikin dare, muka iso da wuri muka taru a ɗakin cin abinci ana kallon wasan ƙarshe tsakanin Littler da Luke Humphries. Littler yaron garinsu ne, har masu shara sun ajiye tsintsiya. Littler ya kai ci 4 da 2, wanda ya fara kai 7 shi ke da kofi. Wani Bature da muke layi ɗaya da shi, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya zaro waya ya sa fam ɗari biyu a kan yaron, ya nuna mini allon yana murmushi. Minti kaɗan bayan haka Littler ya samu damar kai wa 5 da 2, kibiya ɗaya ta rage masa a zoben ninki biyu na gidan 2. Ta kauce. Daga nan bai ƙara cin ko ɗaya ba, Humphries ya kwashe biyar a jere, aka tashi 7 da 4. Mutumin nan kofin shayinsa ya huce a gabansa bai taɓa ba. Tun kafin a tashi ya sake sa wani kuɗin don ya fanshe na farko, shi ma ya bi ruwa. Ranar tare muka yi lodin kwalaye har asuba, bai ce da ni uffan ba. Wanda ya fi kowa sanin wasan a cikinmu ke nan, tun yana yaro yake jifa. Haka a Disambar 2019 wata mata, Fallon Sherrock, ta fitar da maza biyu a jere a gasar, cikinsu har da Mensur Suljović da ke sahun gaba a duniya. Wa ya canki wannan?

Inda Ingila ta fi mu, kuma dole in faɗi gaskiya, shi ne ƙofar fita. Akwai hukumar gwamnati mai ba kamfanonin lasisi a ƙarƙashin dokar 2005, tana cin su tara in sun saɓa. Tun Afrilun 2020 an hana caca da katin bashi na banki. Injinan da ke cikin shaguna da can mutum na iya sa fam 100 a bugu ɗaya, a 2019 aka mayar da shi fam 2. A manhajar bankina akwai maɓallin da in na danna, katina ba zai ƙara biyan kamfanin caca ba, kuma ko na canza shawara sai an ɗauki lokaci kafin ya buɗe. Akwai tsarin GAMSTOP, inda mutum zai rubuta sunansa sau ɗaya a rufe masa duk shafukan caca masu lasisi na wata shida, ko shekara ɗaya, ko biyar. Akwai layin waya na kyauta dare da rana. Baturen nan da na ba ka labari, bayan wasu watanni ya gaya mini ya rubuta sunansa na shekara biyar, matarsa na zaune a gefensa. Na ji daɗi har raina. Sai dai ka tambayi kanka, ƙasar da ta gina wa abu irin waɗannan katangu, me ta gani a cikinsa?

A gida kuwa, na ji Hisba ta rufe shaguna da dama a Kano a 2024, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta ce jihohi ne ke da hurumin kula da harkar caca, ba gwamnatin tarayya ba. Amma shagon da ke cikin wayarka babu mai sa masa kwaɗo. Tura kuɗi daga asusunka zuwa can bai kai minti ɗaya ba, kuma ranar da ka so tsayawa babu wanda zai riƙe maka hannu sai kanka. Hukuncin addini ba sai na karanta maka ba, tare muka yi Islamiyya, ka san inda aka ambaci caca tare da giya a Baƙara da Ma'ida. Na kawo maka lissafi ne don ka ga ko ta fuskar kasuwa ma cinikin asara ne. Kuɗin da nake turowa na makarantarka tsayuwar awa goma ne a cikin sanyi, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba. Zan ji nauyinsa ranar da na san wani kaso yana tafiya wurin mutanen da ke cire fam ɗaya a cikin 22.

Sunayen gwanaye dai ga su nan ka gani a sama, ka nemi wasanninsu a YouTube ka sha kallo, musamman inda ake gamawa da kibiya tara: 180, sai 180, sai 141. Abin da zan turo maka shi ne allon kansa. Na riga na saya, na kamfanin Winmau, da kibau saiti biyu da fikafikan canji, duka ba su kai kuɗin da Baturen nan ya zubar a minti goma ba. Zan sa a kayan da za a aiko ƙarshen wata, tare da maganin ƙafar Hajiya. Ka kafa shi a zaure, tsakiyar allon ta kasance mita 1.73 daga ƙasa, gidan 20 a sama. Ka auna mita 2.37 daga fuskar allon ka ja layi da alli. Ka sa tsohon katako ko kwali mai kauri a bayansa don kada ku farfasa bangon Baba, kuma kada a yi jifa lokacin da yara ke wucewa, kan kibiyar yana da tsini sosai. Ka kira abokan naka ku riƙa ragewa daga 501 da ka, ba da waya ba. In na zo hutun Sallah ni da kai za mu kara, ranar da ka fara cin 180 kuma ka ɗauki hoto ka turo mini kafin ka zare kibau.

Ka gaida Hajiya da Baba da kyau, ka ce wa Yaya na ga saƙonta, zan kira ta ranar Lahadi bayan la'asar.

Yayanka.