Blue Letter Bible: me yake tsinana wa mai shirin muhawara kan halin ɗan Adam?

Duk wanda ya saba da muhawarar nan ta ko halittar ɗan Adam tana tabbatar da gaskiyar bangaskiyar Kirista ya san ayoyin da ake fara jawowa: Romawa 2:14-15 kan lamiri, Romawa 7 kan yaƙin da ke cikin zuciya, Mai Hadishi 3:11, da Farawa 1:26-27. Matsalar ita ce yawancin masu jawo su da fassara ɗaya tak suke dogara, kuma a nan abokin muhawara yake kama su. Blue Letter Bible, shafin nazarin Littafi Mai Tsarki wanda yake kyauta a intanet da kuma manhajar waya, yana toshe wannan ɓaraka sosai.

Aiki da shi ba wuya. Ka rubuta ayar, ka danna maɓallin Tools da ke gefenta, ka zaɓi Interlinear. Kowace kalma za ta fito da asalinta na Helenanci ko Ibrananci, tare da lambar Strong's, wato lambar da wani masani mai suna James Strong ya ba kowace kalma ta asali. In ka danna lambar, za ka ga ma'anar kalmar da duk wuraren da ta fito.

Gwada da Romawa 2:14, inda Bulus ya ce al'ummai marasa Shari'a sukan yi abin da Shari'a ta ce bisa ga halitta. Kalmar ita ce fusis, lamba G5449, sau 14 ta fito a Sabon Alkawari. Jerin wuraren zai nuna maka Afisawa 2:3, inda kalmar nan ɗaya take cewa bisa ga halitta mu 'ya'yan fushi ne, da 1 Korintiyawa 11:14, inda ake magana kan tsawon gashin namiji, ma'anar da ta fi kusa da abin da aka saba. Cikin minti 5 ka gane cewa ba za ka ɗora wa kalmar ma'ana ɗaya ka bi da ita ko'ina ba. Amma akwai abin da allon ba zai tsaya ya gaya maka ba: a Helenanci kalmar tana tsakiyar jimla ne, tana iya komawa baya ko gaba. Idan baya ta koma, ma'anar ita ce ba a haife su da Shari'a ba, kuma hujjar ɗabi'ar da aka haifi kowa da ita ta raunana ke nan. Agustin, babban malamin coci na zamanin da, ma ya karkata ga cewa al'ummai da suka ba da gaskiya ake nufi. Jerin kalmomi ɗaya bayan ɗaya ba ya warware ginin jimla, sai ka nemi sharhi mai zurfi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bincike da kalmar Turanci. Fassarar Turanci ta NIV ta 1984 ta juya kalmar sarks, G4561, wato jiki ko nama, zuwa halin zunubi a wurare da dama, ta 2011 kuma ta janye hakan a mafi yawansu. Wanda ya yi bincike da Turanci zai gauraya sarks da fusis ya ɗauka abu ɗaya ne. Da lamba ake bincike, ba da kalmar fassara ba.

Lamiri shi ne G4893. Kusan sau 30 ya fito, akasari a wasiƙun Bulus da Ibraniyawa. A nan a lura da nassin Helenanci da aka zaɓa, domin shafin yana ba da fiye da ɗaya. A Textus Receptus, wato tsohon bugun nassin Helenanci, kalmar tana cikin Yohanna 8:9, amma bugun zamani bai ɗauke ta ba, kuma labarin matar da aka kama tana zina, inda ayar take, baki ɗaya ba ya cikin tsofaffin rubuce-rubucen hannu mafi daɗewa. Kada a gina hujja a kanta. Haka Mai Hadishi 3:11: kalmar Ibrananci olam, H5769, wato abin da Allah ya sa a zuciyar mutum, fassarar King James ta ce duniya, fassarorin zamani suka ce dawwama. Masu wa'azin cewa akwai gurbin Allah a zuciyar kowa suna da hujja a ayar, sai dai su san ba ita kaɗai ce fassarar ba.

Inda ya gaza fa? Ƙamusoshinsa tsofaffi ne. Aikin Strong na 1890 ne, na Thayer da Gesenius ma na ƙarni na 19 ne. Sharhunan kuma, irin na Matthew Henry da David Guzik, kusan duk daga ɓangaren Furotesta masu bishara suke. Ba za ka ji muryar Toma Akwinas, malamin Katolika, kan shari'ar halitta yadda ya kamata ba, balle ta cocin Gabas, wadda ba ta fahimci zunubin gado yadda Agustin ya fahimta ba. Kusan komai kuma da Turanci yake.

Babban giɓin shi ne wannan: kayan aikin yana gaya maka abin da nassi ya ce ne kawai, alhali abokin muhawararka bai yarda da nassin a matsayin alƙali ba. Zai kawo Darwin, wanda a 1871 ya bayyana lamiri a matsayin abin da ya tsiro daga ɗabi'ar zaman tare. Musulmi zai ce fiɗira tana nuna Mahalicci ɗaya ne, ba ta kai ga gicciye. Wannan suka ce mai nauyi, kuma hujjar lamiri ita kaɗai ba ta amsa ta. Hujjar da ta fi kusantar Kiristanci kanta ita ce ta Paskal, masanin falsafa Bafaranshe: mutum mai girma ne kuma abin tausayi a lokaci guda, ya san nagarta amma ya kasa yin ta, koyarwar halittar mutum cikin siffar Allah da faɗuwarsa cikin zunubi kuma tana bayyana fuskokin biyu tare. Don wannan, Romawa 7:15-25 za ka buɗe, kuma a can ma sai ka fara yanke shawara ko Bulus yana maganar mutum kafin tuba ne ko bayanta, domin masu sharhi sun rabu a kai tun zamanin da.