Wurin dattijon mai sayar da dashe na bakin Binuwai

Gaskiya duk wanda ya tambaye ni inda zai samu dashen itace mai kyau a Garwa, wurin dattijon nan na kusa da gada nake tura shi, wanda ya jera baƙaƙen ledoji ƙarƙashin dogon yaro kafin ka gangara bakin Binuwai. Ba allo ba komai, shingen ƙaya ne kawai da rumfar zana da yara biyu masu ban ruwa, amma kana shiga za ka ji sanyi ya buge ka ko da a watan Maris ne lokacin da zafin garin nan yake wuce digiri 40. Akwai mangwaro, lemun tsami, lemun zaƙi, gwaiba, gwanda, fasadabur, zogale, har da furanni na masu son ƙawata ƙofar gida, sannan da sanyi yana yin irin tumatir da attaruhu da salak na masu lambu.

Abin da ya sa nake yabonsa ba yawan kaya ba ne, don akwai pepiniya, wato wuraren renon dashe, da suka fi shi girma a cikin gari. Mutumin ba ya sayar maka da abu sai ya tambaye ka gidanka. Na ce masa Baba mangwaro nake so guda biyu, sai ya ce Hajiya tsakar gidan naki taku nawa ne, ina rijiya take, ina masai yake, kina da awaki ko maƙwabta na da su, ruwan famfo kike sha ko saye kike a kura. Da na kwatanta masa sai ya girgiza kai ya ce ɗaya za ki ɗauka, biyu ba za su zauna lafiya a wannan filin ba, kuma ki nisanta shi da katanga kamar mita huɗu zuwa biyar in ba so kike nan gaba ki riƙa faɗa da maƙwabci kan reshe ba. Wallahi mai neman kuɗi kawai ba zai ce ka rage abin da ka zo saye ba, daga nan na yarda da shi.

Mangwaronsa mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, kuma a nan ne mutane da yawa suke cutuwa a kasuwa, a miƙo maka wanda aka shuka daga ƙwallo a ce mai aure ne ka biya kuɗi mai yawa ka zauna jira. Shi kuwa ya durƙusa ya nuna min da ɗan yatsa wurin da aka haɗa, wani ɗan kumburi ne kamar taƙi ɗaya daga bakin leda, ɓawon ƙasa launinsa daban na sama daban, har ragowar robar da aka ɗaure da ita tana nan. Ya ce in ba ki ga wannan tabon ba kar ki biya kuɗin mai aure. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko 8 ko fiye, kuma ba ka da tabbas ɗin abin da zai haifa, zai iya fitowa mai zare zalla. Ya ƙara da cewa duk tohon da ya fito ƙasa da tabon in cire shi nan take don na uwar gindi ne, in an bar shi zai rinjayi na saman a koma gidan jiya, sannan furen shekarar farko in tsinke in bar itacen ya yi ƙarfi tukun. Wannan na ƙarshen da ciwo fa, ka ga fure ka sa hannu ka cire, amma na yi kuma ban yi nadama ba don yanzu gindin ya yi kauri sosai.

Cikin ire-iren mangwaro yana da Kent da Amélie da wasu. Ni Kent nake so saboda girmansa da rashin zare, sai ya faɗa min gaskiya cewa Kent yana nuna a makare, lokacin ruwa ya fara sauka, kuma a lokacin ne ƙudan nan mai sa tsutsa a cikin mangwaro yake yawa, Amélie kuwa da wuri yake nuna yana tsere wa wannan matsalar. Na ɗauki Amélie. Mu mutanen Garwa ma mun yi sa'a a wannan fannin don gonar binciken itatuwa ta IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, tana nan Kismatari kusa da mu, inda aka tara ire-iren lemu da mangwaro masu yawa, shi ya sa sanin aure bai zama baƙon abu ba a wajen masu dashe na yankin nan.

Farashi kam ba arha. Mai aure ya ninka na ƙwallo sau uku ko fiye, kuma dattijon ba ya son dogon ciniki, in ka matsa sai ya rage maka ɗan abin moto, wato kuɗin hawa babur, ya yi shiru. Amma zogale da gwanda kusan kyauta ne, ni ma sandar zogale ya sara min ya ce in kafa kusa da inda ake alwala, ruwan da ke zuba ya ishe shi, yanzu ba na sayen ganyen kwaɗo a kasuwa har maƙwabta ke aiko yara da kwano. Gwanda kuma ya ce in dasa uku don ba a gane namiji da mace sai sun yi fure.

To ga inda ban ji daɗi ba, kuma dole in faɗa. Na farko ba a rubuta sunan komai a jikin leda, duk a kan dattijon yake, ranar da ba ya nan yaran sai su yi ta kame-kame, wata ƙawata ta je neman lemun zaƙi suka ba ta wani, da ya girma ashe na tsami ne, ya dai canza mata da ta koma amma lokacin da ya tafi fa ba ya dawowa. Saboda haka in ka je ba ka same shi ba ka haƙura ka koma gobe. Na biyu akwai ledojin da suka daɗe a can baya, saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa ko ta nannaɗe a ciki, irin waɗannan ko ka dasa sai su tsaya wuri ɗaya ba gaba ba baya, ka ɗaga ledar ka duba gindinta kafin ka biya, kar tsayi ya ruɗe ka, ƙaramin da ke da lafiya ya fi. Na uku ba su kai kaya gida, kai za ka nemi ɗan moto, kuma a rungume dashe a bayan moto a wannan iskar sai ganye ya yi yaushi ko wurin auren ya goce, gara ka zo da kwali ko ka ɗauki mai ƙafa uku.

Maganar gara kuma ita ce babbar damuwarmu a nan. Shawarar da ya ba ni ita ce rami mai zurfi da faɗi kamar santimita 60, a cakuɗa ƙasar sama da takin da ya ruɓe sosai, ban da ɗanyen kashin shanu don yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara, a barbaɗa toka, a yanke leda a cire gaba ɗaya, kuma kar a binne tabon auren. Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli, don itacen ya kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba. Da rani kuma ya koya min binne tsohon tulu a gefen gindi a riƙa cika shi a rufe bakin, ruwan yana tsatsafowa a hankali, ga wanda ke sayen ruwa da jarka wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Shinge kuwa wajibi ne, akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin shekara cikin minti biyar.

Ni abin da ke taɓa min zuciya shi ne yawancin inuwar da muke sha a Garwa da Marwa wasu ne suka dasa, dogon yaron da ke bakin tituna da na lokacin shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a zamanin shugaba Ahidjo, mu kuma sai siminti muke shafewa tsakar gida da shi mu dawo muna kukan zafi. Ga shi a hadisi an ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga abin da ka dasa sadaka ce gare ka. Shi ya sa in na ga mai irin wannan sana'a yana yin ta da gaskiya nake so a san da shi.

In za ka je, je da safe kafin rana ta yi, lokacin yana nan yana duba ban ruwa kuma yana da natsuwar yin bayani, ka riƙe kuɗi a hannu da canji, kuma in mai aure kake so da yawa ka faɗa masa tun watan Afrilu ya ware maka, don ruwan farko na sauka masu gonaki suke zuwa su kwashe masu kyan.