Pokémon ko Yu-Gi-Oh!: amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya daga Garwa

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka sayi katunan wasa domin ku riƙa bugawa da ƙanenka mai shekara goma sha ɗaya, kana kuma sha'awar tara wasu ka ajiye, amma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin Pokémon da Yu-Gi-Oh!, tun da dukansu kun san su ta katun ɗin talabijin. A ganina ka ɗauki Pokémon idan wasa da yaron ne babbar manufarka, ka bar Yu-Gi-Oh! sai ka samu tsararka da za ku zauna ku yi masa karatun ta-natsu.

Asalinsu ma yana nuna bambancin. Katin Pokémon ya fito a Japan a watan Oktoba na 1996, 'yan watanni bayan wasan bidiyo na na'urar hannu Game Boy da ya haife shi, kuma kafin katun ɗin da aka fara nunawa a 1997, saboda haka an tsara shi a matsayin wasa mai cin gashin kansa. Yu-Gi-Oh! kuwa labarin zane ne da Kazuki Takahashi ya fara a 1996, wasan katin yana cikin labarin, sai kamfanin Konami ya fitar da shi kasuwa a 1999, ya isa Amurka a 2002. Wannan ne ya sa wanda ya kalli katun ɗin Yu-Gi-Oh! yake zaton ya riga ya iya wasan, alhali a farkon shirin ana farawa da makin rai 2000 kuma ana ajiye manyan dodanni yadda aka ga dama, a wasan gaskiya kuwa maki 8000 ne, kuma farin dodon nan mai shuɗin ido da kowa ya sani, mai ƙarfin hari 3000, ba ya sauka fili ta hanyar da aka saba sai ka sadaukar da dodanni biyu.

A Pokémon kowane ɗan wasa yana da damin kati 60 cif, ba a yarda kati mai suna ɗaya ya wuce huɗu ba sai katin ƙarfi na asali, wato wanda ake liƙa wa dabba kafin ta iya kai hari, ana ɗaukar bakwai a hannu, a kifa shida a gefe a matsayin lada. Dabba ɗaya ce take faɗa a gaba, har biyar suna jira a baya, kuma a kowane zagaye katin ƙarfi ɗaya kawai za ka liƙa daga hannunka. Wannan doka ta ƙarshe ita ce take sa wasan ya tafi sannu a hankali, domin babu wanda zai kai babban hari tun farko, yaro yana ganin ƙarfin abokin karawarsa yana taruwa a gabansa, yana da lokacin yin tunani da ƙidaya. Duk wanda ya kayar da dabbar abokinsa ya ɗauki lada, wanda ya kwashe shidansa ya ci. Lissafin bai wuce tarawa da ɗebewa da ninkawa ba, abin da ɗan firamare yake yi kullum.

Yu-Gi-Oh! ba shi da irin wannan linzami. Dami yana tsakanin kati 40 zuwa 60, ga ƙarin dami na musamman mai kati har 15, kowane kati bai wuce uku ba, ana farawa da biyar a hannu, kuma babu wani katin ƙarfi da zai hana mutum zuba rabin daminsa a zagaye guda idan katunan sun haɗu. Tsawon shekaru an yi ta ƙara hanyoyin kiran dodanni, Synchro a 2008, Xyz a 2011, Pendulum a 2014, Link a 2017, kowace da dokarta, kuma ba a soke na baya ba. Rubutun da ke jikin katin ƙanana ne ƙwarai, wani yakan kai sakin layi guda, kuma inda aka sa waƙafi ko ɗigo biyu yana canza ma'anar hukunci. Daɗin wasan shi ne kana iya mayar da martani a cikin zagayen abokinka ta hanyar katin tarko da ka kifa, kullum zuciya a tsaye take, wanda a Pokémon kusan zama kake yi kana kallo har naka zagayen ya zo. Ga babba mai son wasan ƙwaƙwalwa wannan ya fi armashi, ban musa ba, amma yaron da zai yi minti goma yana kallon yayansa yana juya katunan da bai gane ba, zai tashi ya koma ƙwallo.

Akwai batun da ake yawan kawowa, cewa Pokémon yana fitar da tsofaffin katuna daga gasa duk shekara bisa harafin da ke ƙasan katin, Yu-Gi-Oh! kuma ba ya haka, sai dai ya fitar da jerin katunan da aka haramta ko aka taƙaita. Gaskiya ne, amma wannan damuwar masu zuwa gasa ce, ku da za ku shimfiɗa tabarma a zaure babu alƙalin da zai duba harafinku.

Abin da ya fi shafarmu a nan arewa shi ne samun katin gaskiya. Ko daga Yawunde ko Duwala aka aiko maka, ko wani ya shigo da shi ta Mubi ko Yola, ka duba da kyau, domin na jabu sun cika kasuwa kuma arahar su ce take yaudara. Katin Pokémon na asali yana da siririn baƙin layi a tsakiyar takardarsa idan ka kalli gefensa da kyau, baya barin hasken tocila ya ratsa shi sosai, na jabu kuwa yakan yi sheƙi ko'ina kamar takardar alewa, shuɗin bayansa ya koɗe, ga kurakuran rubutu da lambobin ƙarfi na hauka. Na Yu-Gi-Oh! yana da ɗan murabba'i mai walƙiya a kusurwar dama ta ƙasa, yawancinsu kuma suna da lamba mai alƙalami takwas a hagu. Ka kuma tambayi harshen kafin ka tura kuɗi, domin dukansu ana buga su da Faransanci, kuma ƙanenka da yake karatu da shi zai fi sakewa da katin da aka rubuta sunan dabbar da Faransanci, kamar Dracaufeu, a kan wanda aka rubuta na Turanci, Charizard, balle na Japananci da sai kallon hoto.

Wajen saye, kada ka fara da ƙananan fakiti rufaffu. Kati goma ne a fakitin Pokémon, tara a yawancin na Yu-Gi-Oh!, ba ka san abin da ke ciki ba, kuma ko ka buɗe guda ashirin ba lalle su haɗu su zama damin da za a iya wasa da shi ba. Nan ne ma iyaye suke fara ɗaga gira, kuma ban ga laifinsu ba, domin yaron da ya saba zuba kuɗi yana fatan sa'a ya kama hanyar da ba a so. Ka sayi dami haɗaɗɗe guda biyu. A Pokémon akwai akwatin koyo mai suna Académie de Combat wanda ya ƙunshi dami uku da allo da littafin jagora. A Yu-Gi-Oh! ana sayar da Structure Deck, sai dai masu wasa sukan sayi iri ɗaya sau uku kafin ya yi ƙarfi, ka ga kuɗin ya ninku ke nan.

Maganar tarawa don riba kuma, Pokémon ne yake da manyan labarai, kamar katin Pikachu Illustrator da Ba'amurken tauraron YouTube Logan Paul ya mallaka a 2021 a kan dalar Amurka fiye da miliyan biyar. Amma irin wannan farashi yana rataye ne a kan makin da kamfanoni irin PSA suke ba kati daga 1 zuwa 10 bayan an aika musu da shi, kuma ɗan ƙarzuwa a kusurwa ɗaya ya isa ya zubar da darajarsa. Ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu da damshin damina duk abokan gabar takarda ne, masu sheƙi ma lanƙwashewa suke yi, ga shi mai sayen da zai biya wannan kuɗi ba a Garwa ko Marwa yake ba. Ka tara wanda hotonsa ya burge ka, ka sa shi a rigar leda, ka ajiye a akwati nesa da rana, kuma ka lura cewa girman ba ɗaya ba ne, na Pokémon milimita 63 da 88, na Yu-Gi-Oh! 59 da 86, don haka ledar wannan ba ta yi wa wancan daidai.

Kafin ka kashe ko jaka ɗaya, ku gwada su a waya. Pokémon TCG Live yana bin dokokin katin takarda, Pokémon TCG Pocket na 2024 taƙaitacce ne mai kati 20, Master Duel na 2022 kuma shi ne Yu-Gi-Oh! da cikakkun dokokinsa, duk ana sauke su kyauta sai kuɗin data. Ka miƙa wa yaron wayar ya buga koyarwar farko ta kowanne, ka ga wanda zai nemi a sake kunna masa, shi za ka yi odarsa.